Madatsar da Ba Ta Yoyo

A kwarin Waihele na tsibirin Kauai, tun zamanin da ba a san ƙarfe ba, dokokin ruwa biyu ne. Ta farko, madatsa ba ta cin fiye da rabin rafi: rabi ya bi magudana zuwa gonakin gwaza na sama, rabi ya wuce wa mutanen gangare. Ta biyu, duk wanda ya fasa madatsa a kashe shi, a cusa gawarsa a gurbin da ya fasa, a liƙe. Tsofaffi ma ba su taɓa ganin an aikata ta biyun ba, labarinta kawai suke ji.

Nahulu shi ne maginin madatsar kwarin, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Ginin kuwa ba wani gini ba ne. A jera duwatsu a kan tsakuwar rafi, a cuccusa ciyawa da ɓaraguzan ƙasa, shi ke nan. Yoyo take ta ko'ina, kuma da gangan aka bar ta haka, don ta yoyon nan ne rabon mutanen gangare ke fita. In aka yi ruwa mai ƙarfi a kan dutse, ambaliya ta share ta, maza su fito su mayar da ita cikin yini biyu suna raha. Nahulu ya mayar da ita fiye da sau arba'in, kuma duk mayarwa sai ransa ya ƙara ɓaci. Mutum ne mai son a nuna aikinsa a ce ga na Nahulu, alhali duk damina aikin nasa wucewa yake yi teku.

Ranar daɓen wani sabon kwamin gwaza, wato fangalin da ake tara wa ruwa a dasa gwaza a ciki, dabarar ta faɗo masa. Jama'a sun taru maza da mata, sun yi ado da furanni, suna tattaka yumɓu da ƙafa suna waƙa, don ƙasan kwamin ya riƙe ruwa. Nahulu yana cikin tattakar sai ya tsaya cak, laka har gwiwa. To in yumɓun da aka daɓe a kwance yana riƙe ruwa, me zai hana shi riƙewa a tsaye? A yi jeri biyu na dutse, a zuba yumɓu a tsakani, a tattake hawa bisa hawa. Ya kasa haɗiye maganar, ya faɗe ta a wurin cin alade, kuma kafin rana ta faɗi ta kai kunnen Lonomai.

Lonomai shi ne wakilin sarki a kwarin, shi ke raba ƙasa da ruwa. Ɗan siririn mutum ne mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya yi tsawa ba, kuma mutane sun fi tsoron murmushinsa da kulkin dogaransa. A lokacin ya sa an share sababbin gonaki na sarki a kan tudu, ruwa kawai suke jira.

Ya kira Nahulu ya ce, “Baba magini, an ce kana da bangon da ba ya yoyo.”

“A kaina yake tukuna, ranka ya daɗe.”

“To sauko da shi rafi.”

Nahulu ya sosa ƙeya. “Sai dai rabon mutanen gangare...”

“Doka ta ce rabi ya wuce musu,” in ji Lonomai. “Ba ta ce a wace rana ba. In bangonka ya cika ya tumbatsa, ai sai su sha har su ƙware.”

Nahulu ya yi dariya tare da shi. Ya san maganar banza ce, ya kuma san 'yarsa tilo, Malana, a gangaren take aure, wajen wani manomi mai suna Kapule. Amma wakilin sarki ya kira shi baba magini a gaban mutane, kuma wannan ya fi masa komai daɗi.

Wata biyu ana aiki. An kwaso duwatsu hannu da hannu daga gindin dutse, an ɗebo jan yumɓu a kwanduna, an yi ta daɓe har tafin ƙafar mutane ya tsattsage. Har mutanen gangare aka tilasta wa fitowa su tattaka bangon da zai kashe su da ƙishi. Bango ya tashi tsayin mutum biyu, sumul, ko kaguwa ba ta samun wurin shiga. Bayansa ruwa ya taru ya zama tafki, abin da ba a taɓa gani ba a Waihele. Daga wasu kwaruruwa aka riƙa zuwa kallo, Nahulu yana zaune a kan bangon yana amsa gaisuwa.

Ga wautar da ya tafka kuwa. Ya aza bangon a kan tsakuwar rafi yadda ya same ta, bai haƙa ya tarar da dutse ba. Ubansa bai taɓa haƙawa ba, kakansa ma haka. Me zai sa su haƙa, su da suke so ruwa ya wuce? Nahulu ya yi tunani a kan kowane dutse na jikin bangon, amma ko sau ɗaya bai tuna da abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Rani ya shigo. Gonakin sarki suka yi kore shar, na gangare suka tsage. Gwaza ba ya haƙuri da ruwa mai ɗumi ma, balle babu. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mutane suka koma cin saiwar daji da 'yan kifayen da suka maƙale a kududdufi. Ranar taron rabon ruwa Kapule ya miƙe. Ƙato ne mai saurin fushi da saurin hucewa, bakinsa ba ya da linzami.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, rabinmu fa? Ko sai mun mutu za a kawo mana shi a ƙwarya?”

“Bango bai tumbatsa ba tukuna,” in ji Lonomai.

“Ba zai tumbatsa ba, tunda kuna kwashewa ta sama! Baba Nahulu, kai ka gina shi, ka yi magana mana. Jikokinka fa ƙasa suke lasa.”

Nahulu ya kawar da kai ya ce, “Ni gini aka sa ni, ba rabo ba.”

Nan Kapule ya ɗaga sandar haƙarsa ya ce in aka kai shi bango, da wannan sandar zai ɓarke tsinannen abin, kowa ya huta. Mutane suka ja shi suka zaunar. Lonomai ya yi murmushi ya dubi dogaransa, don su riƙe maganar.

Bayan kwana goma aka fara ruwa a kan dutse, tafki ya fara hawa. Da hantsi Malana ta hau wajen ubanta. Ta rame, zanen ɓawon itacen da ke jikinta sai da ta yi masa ɗauri biyu. Ba ta zo roƙo ba.

“Baba, ruwa na fita a gindin bangonka, wajen dutsen nan mai tsaga.”

“To ai sai ku gode, kun samu na sha.”

“Ba ya shayuwa. Ja ne, da laka a ciki. Jiya kamar yatsa yake, yau ya kai damtse. Kapule ya ce bangon ne yake zubar da cikinsa, kuma in ya tafi gaba ɗaya, gidajenmu ne a gabansa.”

“Kapule ya ce! Yaushe Kapule ya zama magini? Ke kuma da ko dutsen murhu ba ki iya jerawa, ke za ki koya mini bango? Tashi ki ba ni wuri.”

Ta tashi ta tafi. Da ta ɓace, sai ya zagaya ya sauka gindin bangon shi kaɗai, ya tsuguna. Ga ruwan nan yana ɓulɓulowa daga cikin tsakuwa, jawur, yana tara yumɓu a gefe. Ya gane yumɓun, nasa ne. Abin da ya kamata shi ne ya je ya gaya wa Lonomai a buɗe magudana a rage tafkin. Amma da wane baki zai ce bangon da ba ya yoyo yana yoyo? Ya dumbuzi laka ya danna a wurin, ya mirgino faffaɗan dutse ya rufe don kada a gani, ya wanke hannunsa ya koma gida.

Kwana uku aka yi ana sheƙa ruwa. A rana ta huɗu, hantsi ya ɗaga, Nahulu yana gyaran rufin ɗakinsa ya ji ƙara kamar dutse ya tsage. Kafin ya isa, tafkin ya tafi. Ruwa ya share kwamaye takwas na sarki da ke gindin tudun, ya kwashe aladu da rumfuna biyu a gangare, sai dai mutane sun tsira don sun riga sun hau tudu. Kapule ne ya kora su tun da safe, sannan ya ɗauki sandarsa da kwandon ciyawa ya tafi don ya toshe ɓular. A cikin gurbin aka same shi, dutse ya danne masa cinya, sandar haƙa na hannunsa bai sake ta ba.

Aka jawo shi aka ɗaure. Kwari duka ya taru a bakin rafi. Kapule yana ta rantsuwa da Kane, abin bautarsu mai ruwa, cewa toshewa ya zo yi, ba fasawa ba, dogarai kuma suna maimaita maganar da ya yi a taro kalma bayan kalma. Lonomai ya ɗaga hannu aka yi tsit.

“Ba sai mun yi gardama ba, muna da masani. Baba magini, sauka ka duba mana. Hannu ne ya fasa ta ko ruwa?” Ya nuna Kapule. “In hannu ne, ga mai hannun nan a ɗaure. In kuwa ruwa ne ya ci ta da kansa, to wanda ya gina ta shi ya fasa ta tun ranar da ya aza dutsen farko. Sarki ya yi asarar gonaki takwas, gurbin nan kuma ba zai kwana babu mutum a ciki ba.”

Nahulu ya sauka. Ai ko duba na biyu bai buƙata ba. Mai fasa bango daga sama yake farawa, ya ture duwatsun kai ɗaya bayan ɗaya, su watse gaba. Nan kuwa duwatsun kai sun rufta ne ƙasa a jere, yadda ya jera su, don ƙarƙashinsu ne ya rarake. Ga ramin nan da ruwa ya haƙa a cikin tsakuwa, mutum zai iya rarrafawa ta ciki. Ga ma faffaɗan dutsen da ya rufe ɓular da shi, an ture shi gefe, kusa da shi kwandon ciyawar Kapule ya maƙale. Duk kwarin babu mai iya karanta wannan sai shi.

Ya daɗe a tsugune yana juya duwatsu kamar mai bincike. Tsoro ne ya cika shi, tsoron igiya a wuya, da na yumɓu a baki. Ya tuna jikokinsa biyu, ya kuma tuna yadda ake zuwa daga nesa a gaishe shi. Ya taka kwandon da ƙafa ya nutsa shi cikin laka, sannan ya hau.

“To?” in ji Lonomai.

“Hannu ne, ranka ya daɗe.”

“Baba!” Kapule ya yi ƙara. “Baba, dubi ramin! Kai ka san ramin nan! Malana ta gaya maka!”

“Ba wanda ya gaya mini komai,” in ji Nahulu. “Sanda aka zura ta ƙasa.”

Bai dubi wajen mata ba, amma ya san inda Malana take tsaye. Ya jira ta yi ihu, ta ƙaryata shi a gaban jama'a. Ba ta yi ba. In ta yi magana ubanta ne zai shiga gurbin, kuma ko ta yi, wa zai ɗauki maganar matar mai laifi a kan ta magini? Sai ya ji muryarta a hankali tana ce wa 'ya'yanta su juya baya.

Dogarai biyu suka sa wa Kapule igiya a wuya, kowa ya ja gefensa. Kapule ƙato ne, bai mutu da wuri ba. Da ya daina motsi suka naɗe shi, gwiwa a ƙirji, suka kwantar da shi a cikin ramin da ruwa ya haƙa, wanda ya yi masa daidai. Lonomai ya juya ga Nahulu ya ce liƙewa aikin magini ne. Nahulu ya ɗauki kwandon yumɓu na farko ya zuba da hannunsa, a fuska ya fara don idanun ba su rufu ba.

Daga nan sai daɓe. Ƙa'ida ce duk gidan da ke shan ruwan rafin ya sa ƙafa a daɓen madatsa, gidan da bai sa ba rabonsa ya faɗi har abada. Lonomai ya ce a yi shi yadda aka saba, har da waƙa. Mutane suka shiga suna tattakawa, waƙar na fita da ƙyar. Gidan Kapule babu namiji mai ƙafa, ubansa tsoho ne da ba ya iya tsayuwa. Sai ga Malana ta ɗage zaninta ta sauko. Aka dare mata, ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ubanta, daidai kan wurin, ta fara taka.

“Malana,” ya ce ƙasa-ƙasa, “koma, ni zan taka miki.”

“Ka taka naka, Baba. Ka iya.”

Haka suka yi ta takawa har rana ta karkata, ba ta yi kuka ba.

Bango ya sake tashi, tafki ya sake cika, gangare ya ci gaba da bushewa. Nahulu ya samu kyautar alade da sabon mayafi daga wajen sarki. Baƙi suka dawo kallo, yanzu har da tambayar ina ne wurin mutumin. Shi dai ya daina zama a kan bangon, abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Amma jikin mutum ba dutse ba ne. Wata uku da yin haka kan bangon ya ɗan lotsa a daidai wurin, sai ga ruwa yana fita ta gindi. Wannan karon garau yake, don duwatsun da suka rufta a kan gawar sun riƙe yumɓun, ruwan ya samu hanyarsa ta tsakanin ƙasusuwa. Kullum ƙaruwa yake, har ya tsaya a kan kusan rabin rafin. Lonomai ya so a toshe, amma wurin da aka sa gawa haramtacce ne, ba mai haƙa shi, ba mai taɓa shi, ko dogaransa sun ƙi. Shi da kansa ya zartar da dokar, dole ya haɗiye.

Gangare ya farfaɗo. Aka nemo irin gwaza daga maƙwabta aka dasa, ganye ya buɗe. Mutane suka riƙa kiran magudanar ruwan Kapule, in sun zo ɗiba sai su gaishe shi.

Shekara ta zagayo, gwaza ya nuna. Al'adar Waihele ce, tuwon gwazan farko na kowane kwami a kai wa maginin madatsa ya ci a gaban maza, shaidar cewa ruwan da ya ba su mai kyau ne. Maginin da ya ƙi ci, ya faɗa da bakinsa ke nan cewa akwai mugun abu a aikinsa. Nahulu yana zaune a ƙofar ɗakin cin abincin maza, Lonomai a gefensa, sai ga Malana da ƙwarya a ka. Ta tsaya a inda mata ke tsayawa, ta durƙusa, ta tura ƙwaryar gaba. Ta yi ƙiba, fatarta ta yi kyau.

“Sannu da hutawa, Baba. Ga na gonarmu. Uban Kapule ne ya daka maka da hannunsa, a zaune. Ya ce a gaishe ka.”

Nahulu ya dubi tuwon. Ya yi laushi, ya yi kyau, irin wanda ake ɗauka da yatsa biyu.

“Na ƙoshi, 'yata. Ajiye, anjima...”

“Haba baba magini,” in ji Lonomai yana murmushi. “Ko akwai abin da ke damunka da ruwan?”

Maza suka zuba masa ido. Nahulu ya sa yatsu biyu ya ɗebo ya kai baki. Tuwon ya ƙi wucewa, ya tura shi da ƙarfi, hawaye na zubo masa.

“Yaya ka ji shi?” Malana ta tambaya. “Duk gangare an ce ba a taɓa gwaza mai daɗin na bana ba. Da ruwan Kapule aka dama shi. Ni na ɗebo, daga bakin ɓular da na gaya maka.”

Ba wanda ya gane maganar sai shi. Ya ci gaba da ci, ita kuma tana durƙushe tana kallon kowace loma, har ya suɗe ƙwaryar kamar yadda al'ada ta ce. Ta miƙo hannu ta ɗauki abarta, ta kife a ka, ta miƙe.

“Gonar tana da girma, Baba, kwami shida ne, wannan na farko ne. Gobe zan kawo na biyu.”